Wata Uku Tsakanin Mutuwa da Kabari

A ɗakin ƙasa na wani ƙaramin coci a gaɓar kogin Sheyenne,
Verna ta miƙo mini littafin jana'iza
da hannu biyu, kamar mai miƙa jinjiri.
Yana warin danshi da tsohuwar fata.

Torkel Brekkhus nake nema, kakan kakata.
Mai ƙidayar jama'a ya rubuta shi Tarkil,
mai karɓar haraji ya ci masa harafi biyu,
takardar jirgin da ya kwaso shi daga Norway
ta rage masa shekara huɗu.
Mutum ɗaya, kowane alƙalami da irin ƙaryar da ya yi masa.

Abin da na riƙe bai cika tafin hannu ba:
eka ɗari da sittin a Dakota,
bijimai biyu, ɗaya gurgu,
ɗaki da ya gina da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa
wanda ke toho duk bazara,
bashin garma da bai gama biya ba,
da mace, Gunhild, da ta sa hannu da alamar gicciye.
Takardar filin ta ce “ƙasar da ba kowa”.
Na daɗe ina kallon wannan layi.
Da kowa mana. Kora aka yi.
Amma su babu littafin da Verna za ta ɗauko mini.

Shafi na goma sha ɗaya, tawada ta koma ruwan ƙasa:
Ya rasu tara ga Janairu, 1884. Ciwon ƙirji.
An binne shi goma sha huɗu ga Afrilu.

Na ce fasto ya yi kuskure.
Verna ta cire tabarau, ta yi murmushin tsofaffi.
Ta ce, “'Yata, kin taɓa sara ƙasar nan da diga a Janairu?
Ƙarfe ne ke karyewa.”

Ashe a rumbu suka ajiye shi.
Wata uku yana kwance cikin akwatin katako
tsakanin buhunan alkamar iri,
sanyi na gadinsa.
Kullum da safe Gunhild za ta shiga ɗibar hatsin kaji,
ta wuce ta gefen mijinta.
Ko tana gaishe shi?
Ko tana faɗa masa saniya ta haihu,
yaron ya daina tari, itace ya kusa ƙarewa?
Littafi bai ce ba. Littafi rowa gare shi.

A gefen shafin, da ƙananan haruffa:
“ba a harabar coci ba, a gonarsa, kusurwar arewa maso yamma.”

Na tuƙa mota mil bakwai a kan tsakuwa.
Gonar yanzu ta Merle Opdahl ce, waken suya har ƙarshen gani.
Ya kashe tarakta, ya saurare ni yana goge hannu a wando,
sannan ya nuna da haɓa:
wani ɗan tudu, faɗin tabarma, ciyawa ta rufe shi,
layukan shuka sun lanƙwasa sun kauce masa
kamar ruwa ya tarar da dutse.

“Babana bai taɓa nome wurin ba,” in ji shi,
“nasa uban ma haka. Ban tambaya ba.”

Babu allo, babu suna, ko na ƙarya.
Shekara ɗari da arba'in
garma uku na baƙi suna yi masa kwana,
ba su san wa suke girmamawa ba.

Na durƙusa. Ƙasar ta yi laushi, Afrilu ne.
Na cusa yatsu har gaɓa ta biyu,
na faɗi sunansa sau ɗaya,
da duk haruffansa.