Bawon da Ya Zo Daga Teku

Ni na haƙa rijiyar nan.
Shekara goma sha ɗaya ke nan, a bayan Kujama.
Injina ya kwana uku yana huda dutse,
ran na huɗu ruwa ya yi tsalle sama,
mata suka rangaɗa guɗa,
mai unguwa ya ba ni zakara da ƙwaryar goro.

Ruwa garau, ba wari, ba laka.
Wa zai zargi abin da ido ya wanke?

Sai yara suka fara famfara.
Haƙoran da suka fito ba su zo da farin nono ba,
ɗigo-ɗigo da fari kamar an taɓa su da alli,
daga baya ja, kamar na tsohuwa mai cin fure.
'Yata Dije ta koyi dariya a bayan tafin hannu.
Aka ce zaƙi ne, aka hana alewa.
Aka ce ƙazanta ce, aka dirje da gawayi
har dasashi ya yi jini.
Ni kuwa ina wucewa, ana ce mini sannu da aiki.

Zulai 'yar Malam Tanko, mai karatu a cikin Kaduna,
ta zo hutu da 'yan kwalabe a jaka.
Ta ɗiba, ta tafi, ta dawo da takarda.
Ta ce, Baba Tanimu, dutsen ne.
Akwai wani gishiri a jikinsa, fuloraid,
kaɗan ɗinsa magani, da yawa cuta,
ya fara da haƙori, ya ƙarasa a ƙashi.

Na zauna a bakin famfo har aka kira magariba.
Hannuna na kalla, ba ruwan ba.

Ta ce, kada ka toshe ta. Zo mu je Sabon Tasha.

A bayan rumfar Mama Ekaette
akwai tsibin bawo ya kai ƙugu,
'yan katantanwar teku da ake kawowa daga kudu a buhu,
a tsotse naman a miya, a watsar da gidan.
Ƙudaje ne kawai ke kai musu ziyara.
Ta riƙe ciki don dariya:
Bola kuka zo saye? Ku kwashe,
kun hutar da ni kuɗin mai baro.

Muka wanke a kwarya bakwai na ruwa.
Ɗanlami mai burodi ya ara mana tanda da dare,
ya yi kwana biyu yana mitar ƙarni.
Mata suka sa a turmi,
ƙarar ba irin ta gero ba ce, kamar ana tauna kwalba.
Tsakuwa a ƙasan duro, yashi a kai,
sai garin bawo, fari kamar toka.

Zulai ta ce farar ƙasar da ke cikin bawon
da gishirin nan masoya ne tun asali,
in sun haɗu sai su rungumi juna,
su bar ruwa ya wuce shi kaɗai.

Karon farko ya fito da ɗacin kanwa, muka zubar.
Na biyu ma haka.
Wani ya ce 'yar boko ta zo yi mana tsibbu.
A na huɗu lambar takarda ta sauko.
Zulai ba ta ce komai ba, ta cika moɗa ta sha.

Ban taɓa ganin teku ba.
An ce ruwansa ba ya shayuwa,
ga shi tarkacensa na gyara mana namu.

Haƙoran Dije ba za su koma ba, an gaya mini.
Sai waɗanda ke goye yanzu.
Ita ke canza garin duk ƙarshen wata,
ta rubuta rana da gawayi a jikin duro.

Jikana Sa'idu wata biyar gare shi,
bakinsa dasashi zalla.
Shekara shida zan jira in ga aikin hannuna.
In Allah ya kai ni,
ni zan ɓoye haƙorin da ya faɗi kada ƙadangare ya gani,
sannan in ce masa, buɗe in duba.