Amsar Saƙon Lantana

Lantana, saƙonki ya iso ran Laraba.
Sai da Izang ya hau ƙololuwar dutse
ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa
kafin muryarki ta yarda ta sauko.

Kin ce a ƙauyen da kike aikin jinya
rana ta yi yaji, yau wata biyu.
Karnuka ke jan amalanke,
ana huda bayan kogi a ciro kifi,
da dare sama kan yi kore
kamar an shanya mayafi.
Na kai labari majalisa. Malam Cindo ya ce,
"To wa ke gaya musu azahar ta yi?"
Aka fashe da dariya. Ni ban yi ba,
ina ƙirga rigunan sanyin da kika tafi da su.
Uku ne. Ɗaya ma ba maɓalli.

Ga namu labarin, daga nan bayan Shere,
ko nisa ya fara goge miki shi.

Ruwan fari ya zo da ƙanƙara bana,
kowace kamar ɗan kanya.
Ta yayyaga kabejin Atsi,
ta huda kwanon coci,
ta bar masallaci da yoyo a sahun gaba.
Yara suka bi ta da kofuna suna tsotsa.
Mu kuwa Asabar muka kira gayya:
tsani ɗaya, guduma biyu, rufi biyu,
ba wanda ya tambayi ƙusa inda take ibada.

Damina ta cinye hanya, halinta ne.
Motar dankali ta kafe a rafi,
buhu arba'in muka tsallakar a ka.
Wata safiya gajimare ya sauko har zaure,
akuyar gwaggonki ta ɓace a cikinsa,
kuka kawai ke yawo, babu akuya.

Kududdufin kuza ya cika har baki,
shuɗi, shiru.
Ba a iyo a ciki tun shekarar Barau,
amma samari na kwana bakinsa da ƙugiya,
su kamo tarwaɗa biyu,
su dawo da labarin goma.

Da kaka aka yanke acca.
Mata suka tattake ta a kan falalen dutse,
ƙafa na aiki, baki bai huta ba.
Gwaten farko, kin san doka,
ba a cinsa a gidan da aka dafa.
Kwanonmu ya zaga gida tara,
ya dawo da gyaɗa a ciki.

Yanzu sanyi ne, ruwan randa na cizon haƙori.
Baƙi na zuwa daga cikin Jos, har da Abuja,
da takalma masu tsada da sanduna,
suna biyan Izang ya nuna musu
hanyar da awakinmu ke bi kyauta.
Har shingen ƙerana suke ɗauka hoto,
wannan da ya kusa makantar da ke kina ƙarama.

Jiya aka yi daren wuta.
Kowane gida ya hau dutse da icensa,
a kira sunan wanda ke nesa, a jefa.
Atsi ya kira ɗansa na Fatakwal.
Cindo ya kira Barau, ko da yake an san
ba irin wannan nisan ake nufi ba.
Da aka zo kaina murya ta maƙale,
uwarki ce ta ƙwace icen,
ta kira ki da sunan yanka,
da ƙarfi, kamar kin yi laifi.

Batun rana kuwa, kada ki damu.
Tana nan wajenmu, lafiya lau.
Barkono muke shanyawa da ita.
Da ya bushe za mu sallame ta.
Ki ɗinke maɓallin nan kafin ta iso.