Layi Tara

Layi tara ne a takardar.
Na ƙirga su cikin keke daga Farin Gada,
kwandon tumatirin wata mata a kan gwiwata,
na sake ƙirgawa a ƙofar Naraguta.
Ba su ƙaru ba.

Na farko ba gardama, ilimin furuci:
inda harshe ke taɓa hanƙa,
inda iska ke dakatawa kafin ta zama ɓa.
Na biyu ginin jimla, na uku ma'ana,
dole ne, da tawada aka buga su.
Na huɗu ni na rubuta, da fensir.

Dakta Kachollom ta sauke tabarau.
"Nanbyen, me ya kai ki wajen likitoci?
Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, Talata ƙarfe goma.
Talata ƙarfe goma kina ajin ma'ana.
Jiki ɗaya gare ki,
kuma tsakanin azuzuwan akwai kuɗin mota."

Ban gaya mata ba
cewa tun daminar bara,
ranar da Baba ya faɗi a bakin famfo
da bokiti a hannunsa,
Hausa ta fice daga bakinsa ba sallama.
Shekara talatin da ɗaya yana sayar da kayan mota da ita a Dilimi,
da ita ya yi ciniki, ya yi rantsuwa,
da ita ya nemi auren Mama.
Turanci ma ya bi bayanta.
Abin da ya rage masa Tarok ne,
na yaron da ke kiwon awaki a Langtang,
harshen da ya hana mu
don kada mu yi baya a makaranta.

Yanzu yakan kira ni da dare,
ya faɗi kalma ɗaya har sau huɗu.
In kawo ruwa. In kawo bargo. In kawo rediyo.
Ya juya fuska ga bango.
Sai da gwaggo ta ji shi ta waya ta ce,
"Ba wani abu yake nema ba.
Zauna yake ce miki."

Layi na biyar, ɗaukar murya da rubuta ta.
Na shida, kwamfuta.
A can wani dogon yaro, Davou, ya yi dariya:
'yan nahawu sun zo aron lissafi.
Na ce na'urarku ta iya gaisuwa da harsunan duniya,
ta ji ubana ta yi shiru.
Ya daina dariya, ya nuna mini inda ake sa hannu.

Bakwai, tarihin mutanen dutse.
Takwas, yadda yaro ke koyon magana,
ko tsoho zai iya bin sawun.
Tara, Faransanci.

"Kin haura da maki uku. Sauke ɗaya."

Faransancin nan tun ina sakandare nake kiwonsa,
na gan ni a Abuja, ofis mai sanyi, kati a wuya.
Na murza magogi a kansa har takardar ta huje.
Ta hujin ina ganin teburinta.

Talata kuwa, Hurera za ta ɗaukar mini darasi a waya,
ladanta soyayyen dankali da ƙwai duk Juma'a.
Dakta ta daɗe tana kallona,
ta ce zan sha wuya,
ta buga hatimi.

Ruwa ya tare ni a Terminus, da ƙanƙara.
Na isa gida takardar na cikin rigata.
Na ja kujera kusa da gadonsa, na zauna tun bai ce ba.
Ya faɗi kalmar, na maimaita.
Ya girgiza kai, ya ɗaga yatsan hagu sama,
wato muryar hawa take yi, ni na sauke ta.
Na sake. Na sake.
A karo na shida rabin bakinsa ya yi murmushi.

Na buɗe sabon littafi, na rubuta ta,
na ɗora mata ƙaramar alama a ka.
Ya nuna bokiti.