Ƙusa a Cikin Kanya

Ramlatu ta miƙo mini waya,
"Baba, dubi wannan."
Wani dattijo ne a wata ƙasa mai sanyi
yana fere cokali daga reshe,
mutum dubu ɗari bakwai sun tsaya kallonsa.
Na kalla har ƙarshe. Hannunsa na da kyau.
Sai na ce, tashi daga abin da kike zaune a kai,
juya shi, ki sha labari.

Kanya ce a tsakar gidanmu na Rafindadi.
Gindinta Inna Tasalla ke tsince shinkafa,
nan take kitso, nan take raba faɗa,
nan ta kafa ƙusa tana rataye rediyo.
Ta rasu da bazara.
Ba a yi arba'in ba, iskar ruwan farko
ta kwantar da kanyar a kan katanga,
kamar ita ma ta gaji da tsayuwa.

Mai gidan biredi ya zo ya yi tayi.
Mu bakwai, har mun fara lissafi,
sai ga Tambai masassaƙi daga bayan gida,
gizago a kafaɗa, ido ɗaya ya yi yana.
Ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa iccen da bayan yatsa,
ya kara kunne
kamar mai jiran a amsa masa sallama.
Ya ce, "Kada ku ba wuta wannan."
Aka ɗora a amalanke.

Damina ta wuce, aka yanke gero,
shiru.
Yayana ya ce an yi mana sakiyar da ba ruwa.
Ni dai da asuba nakan ji ta katanga:
ƙwas, ƙwas, sai tari,
ƙwas, sai dogon shiru.

Ran wata Laraba ya yi sallama da buhu.
Akushi biyu baƙi wuluk, sun sha man gyaɗa,
muciya, taɓarya, allo ga autanmu,
ƙaramin turmin dakan yaji,
da wannan kujera mai ƙafa huɗu,
ɗaya ta ɗan fi 'yan'uwanta kauri.
Taɓa nan. Kin ji ƙarfe?
Iccen ya haɗiye ƙusar rediyo tun da daɗewa.
Ta ci masa bakin gizago,
bai cire ta ba, ya sassaƙa ya kewaye ta.
Ya ce, "Mai gida ce ta kafa, wane ni."

Muka haɗa kuɗi. Ya maida hannu baya.
Ya ce, shekarar da ruwa ya ƙi,
ubansa na kwance, murhunsu ya yi kwana uku da sanyi,
sai ga kwano ta kan katanga bayan isha'i:
"Ga kwanonku da muka ara."
Washegari ma haka. Har wata huɗu.
Tuwo ne, wani dare ɗanwake,
wani dare gaya kawai da ɗan gishiri.
"Mu kuwa ba mu taɓa ba ta aron kwano ba.
Ba mu da shi."

Yayana ya juya yana gyaran hula.
Babu wanda ya san wannan a cikinmu,
ko da yake na tuna shekarar
da Inna ke cewa ta ƙoshi tun a madafa.

Tambai ya bi ta bayan shekara biyu.
Ba wanda ya ɗauki hotonsa.
Gizagon yana wurin jikansa mai gyaran babur.

Ramlatu ta daɗe da yatsa a kan ƙusar.
Wayar na gefe, dattijon ya sake fara cokalinsa
ba mai kallo.
Ta ce, "In ɗauka in sa mutane su gani?"
Na ce, ɗauki.
Amma in kin gama ki mayar da ita inuwa,
rana na tsaga kanya.