Allon Barira

Ni kafinta ne, a Obalende nake,
mutumin Gumel, inda ruwa sai da guga.
Shekara goma sha tara a Ikko
ban taɓa barin teku ta wuce min gwiwa ba.

Allon kuwa a Takwa Be muka tsince shi,
bayan rumfar Sewanu masunci,
ya tsage daga hanci har cibiya,
wani mai hali ya gaji da shi ya yar.
Barira ta hau kansa a cikin yashi,
ta miƙa hannuwa kamar mai riƙon iska,
ta ce, Baba, gyara.
Kalma biyu. Sun ci min Lahadi bakwai.

Na cusa tsagar da soson mataccen firji,
na bi da gam har yatsuna suka haɗe.
Na yanka tsofaffin silifa goma sha ɗaya,
na jera su a bayansa kamar ɓawon kifi
don kada tafin ƙafa ya zame.
Sandar manya ta fi ƙarfin 'yar shekara tara,
sai na sa zarto, na rage kamu uku,
tamfol ɗin kuma Iya Rasaki ta ɗinke
da kekenta mai tari,
tana mita da Yarbanci, tana ƙara zare.

Jarka biyu, dama da hagu,
na ɗaure da gora da robar taya.
Ran farko na kai su baya da yawa,
hancin allo ya nutse kamar mai ruku'u,
yarinya ta tafi da ka.
Ta taso tana tofar da gishiri,
ni zuciyata tana can ƙasa ba ta taso ba.
Sewanu ya yi dariya har ya zauna,
sannan ya tako, bai ce komai ba,
ya matsar da goran taki ɗaya gaba.
Ashe awon ruwa ba a tef yake ba.

Daga nan sai faɗuwa da tashi.
Ja igiya, Barira, kada ki ja da baya,
ki ja da gwiwa.
Ni da ban iya ba nake ba da karatu,
abin da na ji Sewanu ya faɗa
nake juyawa da Hausa, ina ƙara tsawa.
Mautin ɗansa ya karɓi layi,
da wasu tagwaye daga Idi-Araba,
allo ɗaya, yara biyar, rigima ɗari.

Akwai wata igiya da ba ta cikin zane.
Doguwa ce, shuɗiya, ta shanya,
bakinta ɗaya a wutsiyar allo,
ɗayan a ƙuguna.
Ina tsaye a gaɓa kamar turke,
manyan jirage na wucewa zuwa Apapa,
ni ina lissafin gaba ashirin.

Jiya iska ta zo daga kudu, a natse.
Tamfol ya cika ciki,
allon ya daina rawar sanyi, ya miƙe.
Ta tafi har igiya ta ɗaure min numfashi,
ta juyo, ta dawo, ba ta jiƙa ba.
Ta ce, Baba, jarkokin nan suna ja na.

Na tsuguna da wuƙa.
Robar da na ɗaure da hannuna,
ƙulli huɗu-huɗu, don tsoro,
na yanke. Jarka ta gangara yashi,
tagwaye suka ɗauke, sun sami ganga.

Ba ta ambaci shuɗiyar igiya ba.
Ta dai dube ta, ta dube ni.
Na ce yamma ta yi, jirgin ƙarshe zai tashi.
Yau da asuba na biya Jankara,
na ƙaro gaba talatin.