Mudun Baba

Da masaƙar Kakuri ta yi shiru,
jiniyar asuba ta daina kiran kowa,
Baba Tanimu ya ninke kakinsa, ya tura ƙarƙashin gado,
ya sayi tabarma da mudu ɗaya,
ya zauna a ƙarshen layin 'yan hatsi, Kasuwar Bacci.

Mudu ɗaya, na ce.
Wasu biyu-biyu suke ajiyewa:
mai zurfi na saye,
mai bugaggen gindi na sayarwa.
Wani maƙeri ya taɓa raɗa masa,
kawo in ɗan taɓa maka shi,
guduma uku, ba wanda zai gane.
Baba ya ce, ni fa zan gane,
ya koma tsince tsakuwa daga cikin gero.

Mun ji haushinsa, ba zan ɓoye ba.
Shekarar da ruwan Agusta ya huda rufinmu
muka kwana muna jera kwanoni a tsakar ɗaki,
ɗigo yana kirga mana talauci.
Inna ta ce, gaskiyar taka ta zo ta toshe mana kwano mana.
Bai tanka ba.
Sai can wajen kiran assalatu, yana alwala, na ji shi
kamar mai magana da buta:
Mai awon da nake jira
ba bakin mudu yake kallo ba,
gindin yake juyawa.

Ba malami ba ne.
Izu biyu ya iya, su ma yana tuntuɓe.
Riga biyu gare shi, ɗaya a jiki, ɗaya a igiya.
In an tambaye shi kuɗin dawa, kuɗin dawa yake faɗa,
ba rantsuwa, ba kewaye-kewaye.
In tsohuwa ce ya ce tsohuwa ce, akwai ƙwari, duba da kyau.
Kuma barcinsa! Ko jirgin ƙasa bai tashe shi.

Ranar rabon gado ba a daɗe ba.
Keke mai birki ɗaya, rediyo, buta, rigunan nan,
mudu,
da ɗan littafi da ya sha gumi.
Sunayen waɗanda suke binsa ne,
kowanne da layi a kansa, an biya,
sai guda:
Ladi mai koko, Barnawa, naira hamsin.

Na haye gada da hamsin ɗin a tafin hannu.
Kogin Kaduna ya cika, ja wur, yana jan rassa.
Na same ta tana kwashe toka.
Ta daɗe tana kallon kuɗin.
Ta ce, ni na manta, 'yata.
Sai ta ja bakin zane ta rufe fuska.

Yanzu ina da ofis a hawa na biyu,
da fanka, da hatimi, da masu gaishe ni har ƙasa.
Jiya an kawo takarda
da sifili ɗaya da ba gidansa ba ne nan.
Ƙarami ne, kamar ƙwayar gero.
Aka ce, Hajiya, sa hannu kawai, ba wanda zai gane.

Kada ku ɗauka waliyiya ce ni.
Na buɗe biro.
Na tuna kuɗin makarantar Nusaiba, da haya, da tayar da ta suɗe.
Na daɗe a haka, hannu a sama.

Mudun yana cikin aljihun teburina,
a ciki nake zuba allurai da ƙananan makullai.
Na fito da shi, na zazzage, na kife,
na shafa gindin da yatsa.
Sumul.
Shekara ashirin da uku a kasuwa,
ko alamar guduma.

Na mayar da takardar.
Da yamma na tsaya layin motar Tudun Wada,
ba wanda ya gaishe ni,
ruwa na ta tsatsafi,
ni kuma, ban san dalili ba,
yunwa nake ji irin ta yarinta,
ta tuwon gero.