Injin Mati

A Panteka Mati ya ƙera shi,
injin busar da citta,
da gawar firji da fankar mota.
Shekara biyu yana tsatsa bayan shago,
kaji na kwana ciki.

Ran Laraba ya kwance shi,
buhu biyu,
Rigasa, jirgin safe.

Wata mai gilashi a kujerar gefe
ta ce, "Malam, me ke ƙara a buhun nan?"
Ya zana mata a bayan tikiti.
Kafin Idu
ta gyara layi ɗaya da jan biro.

La'asar a Kaduna ya yi ta,
lambarta a aljihu.

Yau yara huɗu ke walda a shagon.
Kajin sun koma maƙwabta,
har yanzu suna mita.